Makonni biyu bayan buɗe ƙofa: yadda gidan yarin Rhode Island ya daina raba fursunoni da maganinsu

A wajen iyalin fursuna, ranar sallama ranar murna ce. An ƙirga kwanaki har sun cika, an share ɗaki, an ɗora tukunya. Amma likitocin da ke bin sawun waɗanda suka fito daga kurkuku sun daɗe da sanin abin da iyali ba su sani ba. In dai mutum ya shiga ne da jarabar heroyin ko danginta, babu lokacin da rayuwarsa ke cikin hatsari kamar makonni biyun farko da fitowarsa. Zaman cikin ma ya fi masa aminci.

Wadda ta fito da wannan magana fili da alƙaluma ita ce Dokta Ingrid Binswanger, a binciken da ita da abokan aikinta suka wallafa a mujallar New England Journal of Medicine a watan Janairun 2007. Sun ɗauki sunayen mutum 30,237 da aka sallama daga gidajen yarin jihar Washinton ta Amurka tsakanin 1999 da 2003, suka gwama da rajistar mamata. Mutum 443 sun rasu. A makonni biyun farko, yiwuwar mutuwar wanda ya fito ta ninka ta sauran mutanen jihar sau 12.7. Da aka ware mutuwar da shan ƙwaya fiye da kima ya jawo, sai ninkin ya kai 129.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, a jiki yake. Heroyin, fentanil, mofin, kodin da tiramol duk 'yan gida ɗaya ne, dangin ofiyom, kuma duk suna rage numfashi. Mai sha kullum jikinsa kan saba, abin da ya ishe shi bara ba ya isarsa bana, sai ya ƙara, har ya kai yana shan abin da zai kashe wanda bai taɓa sha ba. To idan aka tsare shi wata biyu ko uku babu ko ɗis, wannan sabo na jiki ya zube. Sha'awar ce ba ta zuba ba. Ranar da ya fito ya koma lungunsu, hannunsa ya san awon da ya saba, jikinsa kuwa ya manta. Numfashi ya yi ƙasa, ya yi ƙasa, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Mai karatu a Kano ko Damagaram ba zai ji wannan a matsayin labarin nesa ba, tunda binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 na shan irin su tiramol da kodin ba da umarnin likita ba. Ƙarfin ƙwayar ya bambanta, amma yadda jiki ke sabawa da yadda yake mantawa iri ɗaya ne.

Rhode Island ita ce mafi ƙanƙantar jihohin Amurka a faɗin ƙasa, mutanenta sun ɗan haura miliyan ɗaya. Ƙanƙantar nan ta yi mata rana. A yawancin jihohi, gidan da ake tsare masu jiran shari'a na ƙaramar hukuma ne, gidan da ake zaman wa'adi kuma na jiha, kowa da shugabansa da kasafinsa. A Rhode Island duka a hannun hukuma ɗaya suke, a harabar gari ɗaya, Cranston. Wanda aka kama jiya da daddare da wanda ya shekara ashirin duk ta ƙofa ɗaya suka shiga. Saboda haka idan aka sauya doka ɗaya, an sauya wa kowa.

Kafin 2016 al'adar gidan ita ce ta kusan ko'ina a ƙasar. Mutum ya zo yana karɓar metadon, maganin da ke kwantar da jarabar heroyin, daga asibitin shaye-shaye, da takardar likita, wataƙila shekara biyu ke nan bai taɓa heroyin ba, ya samu aiki, ya koma cikin iyalinsa. An kama shi kan wata tsohuwar tara da bai biya ba. Sai a fara rage masa maganin har a yanke cikin 'yan makonni. Mata masu juna biyu ne kawai ake bari su ci gaba, don kada cikin ya zube. Wanda ya zo daga titi kai tsaye kuma, sai dai a ba shi abin rage raɗaɗi ya sha azabar yankewa a ɗakinsa: amai, gudawa, zufa mai sanyi, hamma ba ƙaƙƙautawa, ciwon ƙashi, ƙafa ta ƙi zama wuri ɗaya, ido biyu har asuba. Kwana biyar, kwana bakwai, abin ya lafa. Daga waje sai a ga kamar ya warke. Wannan kamannin warkewa shi ya yaudari hukumomi shekara da shekaru, domin gandiroba yana ganin mutum ya yi ƙiba, idonsa ya washe, amma ba ya nan ranar da za a tsinci gawarsa a banɗakin gidan mai.

Likitocin gidan ba su jahilci wannan ba. Dokta Josiah Rich na Jami'ar Brown ya shekara da shekaru yana duba fursunoni a Cranston, kuma shi ya jagoranci gwajin da aka wallafa a mujallar Lancet a 2015. An ɗauki fursunoni 283 masu gajeren zama waɗanda suka shigo suna kan metadon, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a: wasu a ci gaba da ba su, wasu a bi da su yadda aka saba, a yanke. Cikin wata guda da fitowa, kashi 96 cikin 100 na waɗanda aka bar wa maganin sun koma asibitinsu. A ɗaya ɓangaren kashi 78 ne suka koma, kuma ko wannan adadi ya kumbura ne saboda da yawansu an sallame su kafin a gama yanke musu. Abin da gwajin ya nuna shi ne gidan yari da hannunsa yake tsinka igiyar da ke riƙe da mutum.

Hujja ta samu, saura kuɗi da wanda zai ɗauki nauyin siyasar abin. A lokacin fentanil ya riga ya shigo kasuwar jihohin arewa maso gabashin Amurka, ƙwayar da ta fi heroyin ƙarfi kusan sau 50, kuma ana cakuɗa ta a cikin hodar ba tare da mai saye ya sani ba. A 2016 mutum 336 ne suka mutu a jihar ta shan ƙwaya fiye da kima. Gwamna Gina Raimondo ta kafa kwamiti a 2015, kwamitin ya duba takardun mamatan ya ga da yawansu ba su daɗe da fitowa daga Cranston ba. Majalisar jihar ta amince da dala miliyan 2 a shekara, aka fara shirin a watan Yulin 2016 ƙarƙashin Dokta Jennifer Clarke, shugabar sashen lafiya na gidan, ya kankama sosai a farkon 2017.

Tsarin ba shi da wani surƙulle. Duk wanda aka kawo, za a tambaye shi a gwada shi a gane ko yana da jarabar dangin ofiyom. In yana kan magani, a ci gaba da ba shi wanda yake sha. In ba ya kai, a yi masa tayi. Wanda ya daɗe a ciki kuma sallamarsa ta matso, a fara masa kafin ya fita. Magungunan uku ne, kuma Rhode Island ce jiha ta farko da ta ajiye duka ukun a dukan gidajen yarinta: metadon, bufrenofin, da allurar naltirekzon ta wata-wata. Biyun farko suna zama a gurbin da heroyin ke zama a ƙwaƙwalwa, su kwantar da ƙishirwar ba tare da sun bugar ba idan an daidaita awo, kuma su riƙe sabon nan na jiki. Na ukun toshe gurbin yake yi gaba ɗaya. Hukumomin tsaro a wurare da dama sun fi son na ukun, tunda ba ya sayuwa a ɓoye kuma ba wanda zai ce ana raba ƙwaya a kurkuku. Da aka bar wa majiyyata da likitocinsu zaɓi a Cranston, 'yan ƙalilan ne suka ɗauke shi.

Duk wanda ya san yadda ake rabon irin wannan magani a gidan yari ya san aiki ne mai cin lokaci. Layi ne kowace rana. Mai shan metadon a miƙa masa ɗan kofi da ruwan maganin, ya shanye a gaban ma'aikaciyar jinya, ya kora da ruwa, ya yi magana a ji. Mai bufrenofin kuma ɗan falle ne siriri ake sa masa a ƙarƙashin harshe, ya zauna hannu a bayyane har ya narke, sannan ya buɗe baki a leƙa. Duk wannan don kada wani ya ɓoye nasa a kunci ya kai kasuwar ɗaki. Gandirobobi sun yi ƙorafi, kuma ƙorafinsu ba na banza ba ne: su da aka horar su ƙwace wannan falle idan an ɓoyo shi a cikin wasiƙa, yau su ne ke rakiyar mutane su karɓe shi. Amsar likitocin ita ce kasuwar ɓoye tana ci ne saboda akwai masu buƙata da aka hana.

A ganina dabarar da ta fi kowace muhimmanci ba ta cikin gidan ba ce. Hukuma ta ba wata ƙungiya mai suna CODAC, wadda dama ke da asibitocin shaye-shaye a cikin gari, kwangilar raba maganin a kurkuku. Ma'ana fursuna tun yana ciki ya riga ya zama majiyyacinsu, sunansa da awon maganinsa suna cikin littafinsu. Ranar da ya fito ba sai ya je ya cike sabuwar takarda an ce ya dawo bayan mako uku ba. Washegari ya je reshen unguwarsu ya karɓa. Ga inshorar lafiya ta marasa ƙarfi, Medicaid, wadda jihar ta faɗaɗa a 2014, ana yi masa rajista kafin ya fita don a samu mai biya. Makonni biyun nan da Binswanger ta nuna, nan aka yi wa gada.

Sakamakon ya fito a mujallar JAMA Psychiatry a 2018, a wata gajeriyar takarda da Dokta Traci Green ta jagoranta. Sun gwama wata shida na farkon 2016 da wata shida na farkon 2017. A na farko mutum 179 ne suka mutu ta shan ƙwaya fiye da kima a faɗin jihar, 26 daga cikinsu sun fito daga kurkuku cikin shekarar da ta gabaci mutuwarsu. A na biyu mutum 157 suka mutu, 9 ne kacal tsofaffin fursunoni. Kasonsu ya sauko daga 14.5 zuwa 5.7 cikin 100, wanda shi ne raguwar kashi 60.5 da jaridu suka yi ta yaɗawa. Mutum 22 jihar ta rage a jimilla, 17 daga ciki ta ƙofar kurkuku aka same su. Marubutan sun ƙiyasta cewa a duk mutum 11 da aka sa a magani, an tsare ran mutum ɗaya.

Nan ya kamata a ɗan ja birki, domin takardar ta fi labarin da aka yi mata rauni. Ashirin da shida da tara ƙananan lambobi ne, mutum huɗu ko biyar su karkata wani ɓangare sai kason ya sauya kama. Babu ƙuri'a, babu wata jiha da aka ajiye a gefe don gwadawa, jiya da yau kawai aka kwatanta, kuma a tsakanin jiya da yau abubuwa da yawa kan motsa. Yawan waɗanda aka sallama ma ya ɗan ragu a 2017. Marubutan da kansu ba su ɓoye ƙanƙantar adadin ba. Abin da ke taimakon hujjarsu shi ne fentanil bai ja da baya ba a wannan tsakani, kuma rabon nalokzon, maganin farfaɗo da wanda ya zarce, bai ƙaru a bakin ƙofar gidan ba, don haka ba a ce shi ya yi aikin ba.

Da ita kaɗai ce, da sai a ce a jira. Amma ba ita kaɗai ba ce. A Ingila, John Marsden da abokan aikinsa sun bi sallama 15,141 ta masu jarabar ofiyom daga gidajen yari 39, suka wallafa a 2017. Waɗanda suka fito suna kan metadon ko bufrenofin, mutuwarsu ta kowane dalili a watan farko ta yi ƙasa da kashi 75, ta ƙwaya kuma da kashi 85. Bayan watan farko bambancin ya dushe, wanda shi ma darasi ne: maganin na tsare mutum ne muddin yana shan sa. Saboda haka abin da Rhode Island ta ƙara ba sabon ilimi ba ne. Nunawa ta yi cewa a Amurka ma, da gandirobobinta da 'yan majalisarta da tsoronsu na a ce sun yi wa masu laifi sassauci, abin yana yiwuwa a jiha guda cur.

Akwai kuma wata magana da ba a taɓo ba tukuna, ta taɓin hankali. Tana nan tsakiya, ko da yake takardar 2018 ba ita ta ƙirga ba. Mutanen da ke tsaye a layin nan na safe da yawansu cuta biyu suke ɗauke da ita. Hukumar ƙididdigar shari'a ta Amurka ta samu cewa a 2011 zuwa 2012, kashi 37 na fursunonin da ke zaman wa'adi da kashi 44 na waɗanda ke gidajen tsaro na ƙananan hukumomi wani ma'aikacin lafiya ya taɓa shaida musu suna da larurar ƙwaƙwalwa. Rahotonta na 2006 kuma ya nuna cewa cikin masu irin wannan larura a kurkuku, kusan uku cikin huɗu suna da matsalar giya ko ƙwaya. Tun 1991 Karen Abram da Linda Teplin suka ga kusan wannan adadi a gidan tsaro na Chicago. Ciwon damuwa mai tsanani, firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, ciwon da ke sa mutum jin muryoyi, duk suna tura mai su neman abin da zai kashe masa wutar kai, abin da ya samu kuma ya ƙara hura ta.

Masu bincike a Suwidin, inda rajistar asibiti da ta kotu da ta mamata ke haɗuwa da lambar mutum ɗaya, sun yi ƙoƙarin raba cututtukan biyu su ga wace ce ke yin ɓarnar. Seena Fazel da abokansa, a 2009, sun duba mutum 8,003 masu ciwon sikizofireniya, wato ciwon nan da ke sa mutum jin muryoyi. Waɗanda ba sa shaye-shaye, kashi 8.5 ne aka taɓa samu da laifin tashin hankali, ba su yi nisa sosai da kashi 5.3 na sauran jama'a ba. Masu haɗawa da shaye-shaye kuwa kashi 27.6. Sai a 2015 Zheng Chang ya jagoranci bin sawun mutum 47,326 da suka fito daga kurkukun ƙasar, aka samu cewa kashi 34 na mace-macen maza da kashi 50 na mata ana iya danganta su da giya da ƙwaya. Sauran cututtukan ƙwaƙwalwa, da aka cire tasirin shaye-shaye da yanayin rayuwa, ba su nuna ƙarin mutuwa a kan kansu ba. Wannan ya saɓa wa abin da mutane ke zato. Ana tsoron mai taɓin hankali, ana raina ɗan ƙwaya a ce shi ya jawo wa kansa, alhali a alƙaluma ƙwayar ce ke ɗaukar kaso mafi girma na laifin da na mutuwar.

Wannan yana goyon bayan inda Rhode Island ta sa kuɗinta, amma bai wanke ta daga sauran aikin ba. Metadon ba ya maganin muryoyi, bufrenofin ba ya ɗaga wanda damuwa ta danne. A Ingila da Wales an ƙirga mutum 382 da suka kashe kansu cikin shekara guda da fitowa daga kurkuku, a binciken da aka wallafa a 2006, kuma kashi 21 daga cikinsu a kwana 28 na farko suka yi. Ƙofar dai ita ce ƙofar. A Texas, binciken fursunoni sama da 79,000 da aka wallafa a 2009 ya nuna masu manyan cututtukan ƙwaƙwalwa sun fi kowa komawa ciki sau da yawa. Mutumin da kansa ke juyawa shi ne zai fi saurin ɓata ranar asibiti, kuma asibitin metadon kullum ake zuwa. Wanda ya fi buƙatar gadar shi ne ya fi sauƙin zamewa daga kanta. Ga kuma tsohuwar matsalar da masu wannan aiki suka sani a ƙasashe da yawa: asibitin ƙwaƙwalwa ya ce je ka daina sha tukuna, asibitin shaye-shaye ya ce je a daidaita maka kai tukuna, majiyyaci ya tsaya a tsakiyar titi har motar 'yan sanda ta tsaya.

Abin da ya biyo bayan takardar ya tafi da sauri, kuma kotu ce ta fi tura shi. A watan Nuwambar 2018 wata alƙaliyar tarayya a Massachusetts ta umarci gidan yarin gundumar Essex ya ci gaba da ba wani mutum metadon ɗinsa, bisa hujjar cewa hana shi na iya saɓa wa dokar kare masu naƙasa da kuma haramcin azabtarwa da ke cikin tsarin mulki. A 2019 aka yi irin wannan hukunci a jihar Maine kan bufrenofin, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar. Jihohin Vermont da New York sun kafa dokokin da suka wajabta ba da maganin a gidajen yarinsu. A watan Janairun 2023 gwamnatin tarayya ta amince wa California ta fara biyan wasu ayyukan lafiya da kuɗin Medicaid kwana 90 kafin a sallami fursuna, abin da dokar inshorar ta hana tun kafuwarta a 1965.

Ita Rhode Island kanta labarinta bai miƙe ba. Mace-macen ƙwaya a jihar sun ɗan yi ta sauka har 2019, sannan annobar korona ta zo ta rufe mutane a ɗaki su kaɗai, fentanil ya shiga cikin hodar iblis da jabun ƙwayoyi, ya riski waɗanda ba su taɓa ɗaukar kansu masu shan ofiyom ba, waɗanda ko an kama su ba za su shiga layin metadon ba. A 2021 adadin ya haura 400, sama da na shekarar da aka fara shirin.